FACI DA NAMAN JIKI: YADDA AKE TOSHE KAFAR DA KE TSAKANIN BAKI DA HANCI

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni aka ɗora wa jawabin bana, ya ce in zaɓi abin da na fi sani. Na tabbata ya zaci zan yi magana a kan kasafin kuɗi ko ƙarin girma a aikin gwamnati, tun da Tattalin Arziki na karanta a jami'a, kuma aikina bai wuce fayil da lissafi ba. To, sai ga shi na zo da maganar tiyata. Saboda haka ina neman afuwar 'yan ajinmu likitoci da ke nan. Inda na yi tuntuɓe su gyara mini. Hujjata ɗaya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara bakwai ke nan ina karatun wannan darasi, kuma a bakin 'yata ta fari na karanta shi.

Rufin Baki

Waɗanda ba su yi gyangyaɗi a ajin Hausa ba za su tuna malaminmu yana zana mana kan mutum a allo, yana nuna gaɓoɓin furuci. Bayan haƙoran sama akwai hanƙa, sai ganɗa mai tauri wadda ƙashi ne a cikinta, sai hanɗa mai taushi can ciki, inda beli yake reto. Mun haddace su don cin jarrabawa. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, wannan rufi na baki shi ne kuma daɓen hanci. Bango ɗaya ne ya raba ɗakuna biyu. Idan mutum zai haɗiyi abinci, ko zai furta baƙaƙe irin su b, d, k, t da s, hanɗa takan ɗaga ta rufe hanyar hanci don iska ta taru a baki. Idan kuwa zai furta m ko n, sai ta sauka iska ta bi ta hanci.

Wannan bango tun a farkon ciki ake gina shi. Leɓen sama yana haɗewa kafin ciki ya cika wata biyu, ganɗa kuma kafin ya cika wata uku, wato ɓangaren dama da na hagu su taho su haɗu a tsakiya. Idan ba su haɗu ba sai a haifi jariri da tsagaggen leɓe, ko tsagaggiyar ganɗa, ko duka biyun. A faɗin duniya ana samun haka a kusan haihuwa 1 cikin 700.

'Yata da duka biyun ta zo, ta gefen hagu. Ranar suna gidanmu ya cika, amma kowa da abin da yake faɗa a ɓoye. Wasu suka ce uwarta ta fita tsakar gida a daren husufin wata, wasu suka ce ta taɓa yi wa mai irin wannan lalura dariya, wasu kuma suka ce iska ce. Likitoci suka ce akwai gado a ciki, kuma shan taba da ciwon sukari da wasu magungunan farfaɗiya a lokacin goyon ciki suna ƙara haɗarin, amma a mafi yawan yara babu wani abu da uwa ta yi ko ta bari. Ina roƙon ku riƙe wannan, domin na ga yadda zargi yake cin mai jego.

Matsalar farko ita ce ci. Jariri mai tsagaggiyar ganɗa ba ya iya zuƙar nono, kamar yadda ba a iya zuƙar lemo da tsinken da ya fashe. Sai uwarta ta tatsa a kofi, a zaunar da ita a cinya, a riƙa ba ta da cokali kaɗan-kaɗan, dare da rana. Da ta yi ƙiba aka ɗinke leɓen tana wata huɗu, aka ɗinke ganɗar tana wata goma sha uku. Muka ce an gama.

Yadda Kafar Ta Buɗe

Kwana goma bayan aikin, uwarta na ba ta kunu sai ga shi yana fitowa ta hanci. Muka haska fitilar waya, muka ga 'yar kafa kamar ƙwayar wake a gaban ganɗa, inda ɗinki ya saki.

A nan zan faɗi laifina a gaban malamaina, domin su suka koya mana faɗin gaskiya. Na farko, na ɗora wa matata laifi, na ce da cokali ta tsokane wurin. Likitan ya zaunar da ni ya ce irin wannan yakan faru ko a hannun ƙwararru. Dalilansa su ne faɗin tsagar tun asali, da jan naman da ƙarfi kafin gefe biyu su haɗu, da ƙwayoyin cuta, da ƙarancin jini a bakin ɗinkin. Ya ce a jira aƙalla wata shida, kumburi ya sauka, tabo ya yi laushi, jini ya dawo wurin sosai, har ma wata ƙaramar kafar takan tsuke da kanta.

Laifina na biyu ya fi girma. Na ƙi jira. Bayan wata uku na ɗauke ta na kai ta wani wuri, na matsa, aka sake aikin. Aka jawo naman gefe aka rufe, cikin mako biyu ya sake buɗewa, kafar da take kamar wake ta koma kusan santimita 2. Daga baya na fahimci cewa duk aikin da aka yi a ganɗa yana barin tabo, shi kuwa tabo ba ya miƙewa kuma jini ba ya gudana a cikinsa sosai. Ke nan duk gwajin da ya faɗi yana rage wa na bayansa sa'a. Tela ma idan ya yi ta farke wuri ɗaya yana maimaita ɗinki, ƙarshenta yadin ne yake mutuwa.

Ga abin da wannan kafa take yi wa yaro. Ruwa da kunu suna bi ta hanci. Guntun abinci yana maƙalewa ya kawo wari. Iska kuma tana zurarewa, sai b ta koma m, d ta koma n. Shekaru da dama 'yata idan ta kira ni Baba, abin da ke fitowa shi ne Mama. A gida dariya muke yi. Da ta shiga makaranta sai yara suka fara kwaikwayon muryarta. Muka lura kullum tana dawowa da kwanon abincinta a cike, ashe tsoro take ji kada wani abu ya fito mata ta hanci a gaban 'yan aji. Likitan haƙori ya yi mata wani ɗan faranti na roba, irin na haƙoran roba, da ake maƙalawa ya toshe kafar. Ya taimaka ƙwarai, sai dai bakin yaro girma yake yi, dole a riƙa sake shi.

Dashe Iri Biyu

Idan naman da ke kusa ya ƙare, sai a nemo faci daga wani wuri a jikin mutumin. Da likita yake yi mini bayani, gonar makarantar nan ce ta faɗo mini a rai, kuma da ita zan yi muku misali.

Kun tuna malamin Aikin Gona yana koya mana auren mangwaro. A yanko reshe daga wata bishiya, a raba shi da uwarsa ɗungurungum, a ɗaure shi a jikin wata. Wannan shi ne dashe na farko. Ana yanko fata, ko guringuntsi, ko ƙashi, a ɗora a sabon wuri ba tare da jijiyar jininsa ba. Kwana biyun farko yana rayuwa ne da tsotson ruwan jikin da ke ƙarƙashinsa, daga nan ƙananan jijiyoyin jini su fara shiga cikinsa. Sharaɗinsa shi ne ya sami lafiyayyen nama da zai kwanta a kai. To, kafa rami ce, sama iska ƙasa iska. Shi ya sa irin wannan dashe shi kaɗai ba ya toshe ta, sai dai a cusa shi tsakanin shimfiɗa biyu na nama mai rai.

Na biyu kuma ku tuna yaɗon kabewa. Yana tafiya a ƙasa, ya kafa saiwa a sabon wuri alhali yana haɗe da uwarsa tana ciyar da shi. Idan saiwar ta kama, ko an yanke shi daga uwar ba zai mutu ba. Haka likita yake yanka nama ta gefe uku ya bar gefe ɗaya da jijiyar jininsa, ya juyo shi ya rufe ramin. Wannan shi ne ginshiƙin aikin ganɗa. Tun a 1861 wani likitan Jamus, Bernhard von Langenbeck, ya nuna yadda ake ɗago naman ganɗa gaba ɗayan kaurinsa daga kan ƙashi, a matso da shi tsakiya da jininsa, kuma har yau ana aiki da dabararsa.

Akwai ƙa'ida guda da kowane likita yake kiyayewa: rufi biyu ake yi, ɗaya ta ɓangaren hanci, ɗaya ta ɓangaren baki, kuma ba a ɗinkewa cikin ja. Galibi ana juya naman bakin ramin ya kalli sama ya zama daɓen hanci, sa'an nan a kawo faci a rufe ta baki.

Inda Ake Samo Facin

Wuri na farko shi ne ganɗar kanta, idan ramin ƙarami ne kuma tabo bai yi yawa ba.

Na biyu shi ne cikin kumatu. Akwai wani curin kitse a can ciki, wanda shi ne yake sa kumatun jarirai su yi ɓul-ɓul. A 1977 wani likita mai suna Egyedi ya bayyana yadda ake jawo shi a toshe rami a bayan baki, kuma cikin 'yan makonni fatar baki takan rufe shi da kanta. Ana kuma iya yanko dogon yanki na naman cikin kumatu da jijiyarsa a juyo shi zuwa ganɗa.

Na uku shi ne harshe. Likitoci biyu na ƙasar Meziko, Guerrero-Santos da Altamirano, su suka bayyana amfani da shi don toshe kafar ganɗa a 1966. Harshe yana da yalwar jini ƙwarai, shi ya sa ake komawa gare shi idan ramin babba ne, yana gaba, kuma an gwada wasu hanyoyin sun faɗi.

Na huɗu shi ne guringuntsin kunne, ko wata fata da aka sarrafa a masana'anta aka cire mata ƙwayoyin rai, a sa a tsakiya don ƙarin ƙarfi.

Na biyar shi ne ƙashin ƙugu. Idan tsagar ta ratsa dasashi, akan ɗebo ɓargon ƙashi mai laushi daga ƙugu a cika gurbin, yawanci yaro yana tsakanin shekara 8 zuwa 11, kafin fiƙarsa ta dindindin ta fito, domin haƙorin ya sami ƙashin da zai tsaya a ciki.

Na shida, idan ramin ya yi girman da babu abin da zai rufe shi a cikin baki, sai a yanko fatar hannu daga saman wuyan hannu tare da jijiyoyinta, a kawo ta baki, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Likitocin ƙasar Sin ne suka fito da wannan dabara, suka wallafa ta a 1981. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, kuma sai babban asibiti.

Mako Uku

'Yata harshe aka yi mata, tana shekara shida. An jira har ta kai wannan shekaru ne don aikin yana bukatar yaron da zai ji magana. Aka yanko wani yanki daga saman harshenta, aka bar gefe ɗaya a haɗe, aka ɗaga shi aka ɗinke a ganɗa. Wato ta farfaɗo harshenta yana ɗaure da rufin bakinta, kuma haka za ta zauna mako uku.

Jama'a, na yi jarrabawa da yawa a wannan makaranta, ban taɓa ganin mako uku masu tsawon waɗannan ba. Abinci sai mai ruwa: kunu tatacce, madara, romo. Magana babu, sai nuni da hannu. Na ɗauki hutu a ofis, ni da uwarta muka raba dare, domin abin tsoron shi ne ta firgita cikin barci ta fizge harshen. Kowace safiya likita yakan haska ya duba launin facin. Idan ja ne, jini na zuwa; idan ya fara duhu, akwai matsala. Na koyi kallon fuskarsa kafin ya buɗe baki. Ita kuwa muka ba ta littafi da fensir, ta cika shi da zanen abin da za ta ci idan an sake ta. Tsire ya fi yawa.

Da mako uku suka cika aka koma ɗakin tiyata, aka yanke mahaɗin, aka mayar da ragowar naman aka ɗinke harshen. Facin ya kama. Harshen ya ɗan rage faɗi, amma ɗanɗano da motsi suna nan lafiya. Ranar da ta sha ruwa kofi guda babu ɗigo ko ɗaya ta hanci, uwarta fita ta yi daga ɗakin don kada yarinyar ta ga hawayenta.

Kada in bar ku da zaton tiyata ita ce ƙarshe. Yaron da ya shekara biyar yana magana ta hanci ya saba, sai an sake koya masa inda zai sa harshe da yadda zai tara iska. Muna zuwa wajen mai koyar da furuci, muna kuma duba kunnuwanta, domin masu wannan lalura ruwa yakan taru musu a kunne ya rage ji. Aikin ƙashin ƙugu yana nan gaba. Amma yanzu idan na dawo daga ofis, Baba nake ji, da b ɗinta cikakkiya.

Ciwon Iska

Zaman asibiti ya nuna mini cewa ba haihuwa kaɗai ke kawo wannan rami ba. Haɗarin mota yana kawo shi, da harbin bindiga, da cire ciwon daji daga ganɗa. Cire turmin haƙori na sama ma wani lokaci yakan buɗe hanya zuwa kogon da ke gefen hanci.

Amma wanda ya fi shafar ƙasarmu shi ne noma, wanda mutanenmu suke kira ciwon iska. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ya ci kumatu da leɓe da ganɗa har da ƙashi. Idan ba a yi magani ba, yara har 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Waɗanda suka rayu su ne masu bukatar manyan facin da na lissafa, wani sai an yi masa aiki sau da dama. Abin takaicin shi ne, a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi.

A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan ciwo, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara tallafa masa a 2014, ana yin aikin kyauta. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Game da tsagewar leɓe da ganɗa kuwa, ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama na ƙasar nan.

Kammalawa

'Yan'uwa, ina da roƙo huɗu.

Na farko, duk wanda aka haifa masa jariri, a duba cikin bakinsa tun ranar farko, domin tsagar ganɗa tana iya ɓuya alhali leɓe lafiya lau. Idan an gani a tafi asibiti a makon. Leɓe akan ɗinke shi daga wata uku zuwa shida, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin magana ta zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, idan ɗinki ya saki, kada ku yi irin garajena. Ku koma wurin wanda ya yi aikin, ku jira lokacin da ya ce, ku tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan gyara. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku ga malamanmu da waɗanda suka gaje su a cikinmu. Yaron da yake magana ta hanci, ko ya ƙi cin abinci a gaban 'yan'uwansa, a jawo shi a bincika, a kuma hana 'yan aji kwaikwayonsa. Haka nan idan kun je ƙauye kuka ga ƙaramin yaro ramamme da kumburin dasashi da warin baki, ranar za a kai shi asibiti, kada a kwana.

Na huɗu ga ƙungiya. A asibiti na zauna da iyayen da aka ce musu aiki kyauta ne, amma suka kasa dawowa ranar da aka ba su saboda kuɗin mota da na abincin mai jinya. Ni mai albashi ne, kuma na ji a jikina. Ina ba da shawarar mu ware wani abu daga kuɗin da muke tarawa duk shekara, mu ɗora wa 'yan ajinmu likitoci nauyin nemo irin waɗannan yara a garuruwan da ke kewaye da makarantar nan, mu kuwa mu ɗauki nauyin kai su da dawo da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na riga na miƙa wa Ma'aji nawa kason, kuma lissafin asusun, tun da shi ne sana'ata, na ɗauka kyauta.

Ina godiya ga malamin Hausa da ya koya mini hanƙa da ganɗa da hanɗa, da malamin Aikin Gona da ya koya mini auren mangwaro. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.